Mun ji kuɗin saye, na gyara fa?

Ƴan uwa, duk direban taksin da ke ɗibar fasinja a bakin Petit Marché ya san tsohuwar Starlet sai ta fara zaryar garaji take nuna tsadarta. To ina ga jirgin sama?

Ku duba Mont Baguezane, Boeing 737-200 ɗin da aka saya zamanin Seyni Kountché, ya ɗauki shugabanninmu fiye da shekara 30. Injinsa JT8D ne na kamfanin Pratt & Whitney, ƙirar farkon shekarun 1960. Irin wannan inji ba a jiran sai ya lalace. Kowane tashi da sauka a rubuce yake, in wasu ƙarafan cikinsa suka cika adadinsu dole a fidda su, ko da suna ƙyalli. Babban gyara kuwa sai an kwance injin an kai shi waje, a biya da dalar Amurka, ba dalarmu ta kasuwa ba. Ga shan mai, ga ƙara: tun 2002 Turai ta hana irin waɗannan jirage sauka sai an sa musu abin rage ƙara.

Da aka sayi Mont Gréboun a 2014, kusan miliyar 20 na sefa, gari ya ɗauka, kowa da bakinsa. Amma surutun namu a kan kuɗin saye ya tsaya.

A 2021 Amurka ta ba sojojinmu C-130, aka yi biki. Tsohon jirgi ne mai inji huɗu, kuma sojojin masu kyautar sun kwashe kayansu a 2024. Ni dai ban ce a jefar da shi ba, sojan da ke Dirkou ko Diffa yana bukatar jirgin da zai kai masa abinci, ya kwaso masu rauni. Shi ya sa ma nake magana. Binciken ma'aikatar tsaro da ya fito a 2020 ya ambaci miliyar 76 da suka salwanta ta hanyar ƙara farashi da kayan da ba a kawo ba. In an yi haka da kayan da ake ƙirgawa, yaya ƙarfen da ke cikin inji, wanda ba mai gani?

Kowace shekara a buga mana: jirgi kaza, awa kaza ya tashi, kaza aka biya, ga kamfanin da ya gyara. Mai sayar da tumatir a Petit Marché da ke biyan kuɗin kasuwa kullum, da kuɗinta ake wannan gyaran.