Haɗari A Wajen Gini: Wa Ke Da Alhakin Biyan Diyya?

Idan za a iya tunawa, a ranar 30 ga Agusta, 2022 wani bene mai hawa uku da ake kan ginawa a titin Beirut da ke birnin Kano ya rufta, ya danne mutane a wurin da 'yan kasuwar wayar salula ke hada-hada. Kafin wannan, a ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 ya rushe a unguwar Ikoyi ta Legas, inda fiye da mutane 40 suka rasa rayukansu. A duk lokacin da irin haka ta faru mukan ji labarin aikin ceto da na kwamitin bincike, amma ba safai muke jin wanda ya biya kuɗin asibitin waɗanda suka jikkata ko ya ɗauki nauyin marayun da aka bari ba.

Ba sai gini ya rushe ba ne ake samun haɗari. Bulo kan faɗo kan mai wucewa, yaro kan faɗa ramin tushen gini da aka bari a buɗe bayan ruwan sama, katangar maƙwabci kan zube saboda haƙa da aka yi a gindinta. Galibi akan je gaisuwa, mai gini ya ba da abin da ya sawwaƙa, a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma wannan bai ɗauke wa mai sakaci alhakin abin da ya jawo ba, a shari'ar Musulunci da kuma dokar ƙasa.

Doka ta bambanta mutane iri biyu. Na farko shi ne ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta shekarar 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun NSITF. Daga nan ake biyan wanda ya jikkata ba tare da sai ya tabbatar da laifin ubangidansa ba. Ana buƙatar ya sanar da ubangidan cikin kwana 14, ya kuma shigar da buƙatarsa cikin shekara guda. Matsalar ita ce yawancin maginanmu da leburorinmu aikin yini suke yi, babu wanda ya rubuta sunansu a ko'ina.

Na biyu shi ne wanda babu yarjejeniyar aiki tsakaninsa da wanda ya jawo masa raunin, kamar mai wucewa, ko maƙwabci, ko mai sayar da abinci a bakin gini. Shi ma lebura yakan shiga wannan sahu idan direban tifa na wani kamfani dabam ne ya buge shi. Irin wannan mutum yana da damar neman diyya a kotu, amma sai ya nuna cewa akwai wanda kula da lafiyar jama'a ta rataya a wuyansa, ya yi sakaci, kuma sakacin ne ya haifar da raunin. Wanda ake ƙara zai iya kasancewa mai ginin, ko ɗan kwangila, ko injiniyan da ya sa hannu a kan aikin.

Sai dai yin nasara a kotu daban, samun kuɗi a hannu daban. Idan ginin da ya rushe shi ne dukkan jarin mai shi, hukuncin kotu ba zai biya kuɗin magani ba. Wannan ne ya sa sashe na 64 na dokar inshora ta 2003 ya haramta gina bene mai fiye da hawa biyu ba tare da inshorar da za ta biya ma'aikata da sauran jama'a ba, ya kuma tanadi tarar Naira 250,000 ko ɗaurin shekara 3. A shekarar 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar da ta maye gurbinta, wadda ita ma ta ci gaba da wajabta wannan inshora. Ke nan ba rashin doka ke damun mu ba, rashin aiki da ita ne.

Mun san cewa da yawa daga cikin jama'armu suna ƙyamar inshora saboda dalilin addini. To amma tun a shekarar 2013 hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato tsarin taimakekeniya da ya dace da shari'ar Musulunci, kuma akwai kamfanoni masu lasisi da ke gudanar da shi.

A ganinmu, wurin da ya fi dacewa a kama bakin zaren shi ne ofishin ba da izinin gini, domin ba da izini aikin hukumomin tsara birane na jihohi ne. Ya kamata takardar shaidar inshora ta zo tare da zanen gini, a kuma sake duba ta idan mai gini ya nemi ƙara hawa. Hakazalika ya dace ayyukan gwamnati, kamar ginin makarantu da asibitoci, su zama abin misali.

Ga jama'a kuwa, duk wanda irin wannan haɗari ya rutsa da shi ya kai rahoto ga 'yan sanda, ya adana takardun asibiti da rasiɗai, ya ɗauki hoton wurin, ya riƙe sunayen shaidu. Kada ya dangwala hannu a takardar yafiya kafin likita ya bayyana girman raunin, kada kuma ya yi jinkiri, domin shigar da ƙara yana da wa'adi. Marar ƙarfi zai iya tuntuɓar ofishin Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta ƙasa. Sulhu alheri ne, amma a yi shi bayan kowa ya san haƙƙinsa.

Allah Ya kiyaye mu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu.