Da Furfurata Na Shiga Rubutun Soyayya

Wata uku ke nan ina ɓoye muku wata magana a wannan fili, amma tunda ta riga ta zaga babbar kasuwar Garwa har ta kai kunnen surukaina, gara ku ji daga bakina. Littafin soyayya nake rubutawa, na samari da 'yan mata. E, ni ɗin nan dai, mai rumfar atamfa da shadda, mai shekara 54 da jikoki huɗu. Ranar da maƙwabcin rumfata ya ji, sai da ya ajiye kofin shayinsa ya ƙare mini kallo, sannan ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa? Ko rashin cinikin nan ne ya fara taɓa ka?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai, domin mutuncin ɗan kasuwa shi ne rabin jarinsa.

Ni dai ba baƙon waɗannan littattafai ba ne. A shekarun 1990, ina yaron shago, maigidana kan aike ni Kano ta hanyar Yola in saro kaya a Kantin Kwari. In na gama sai in zarce wajen masu sayar da littattafai, in cika kwali guda da kuɗin guzurina, in cusa shi a tsakanin diloli. A lokacin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana tashe, daga baya Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ya biyo. 'Yan siraran littattafai ne, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma marubucin ya san inda zai yanke labari don dole ka nemi na gaba. Ba sayarwa nake yi ba, haya nake bayarwa. Yara su zo daga gidajen Hausawan Garwa da 'yan canji a hannu, su karɓa wa iyayensu mata da yayyensu. Littafi ya fita da bango, ya dawo ba bango, yana ƙanshin hayaƙin murhu. Ni kuwa da ban wuce makarantar allo ba, a cikinsu karatuna na boko ya nuna. Ina haɗa baƙi da kyar na fara, son in ji yadda za a ƙare shi ya ja ni har na iya.

Wayar hannu ta zo ta kashe wannan ɗan ciniki, na manta da shi shekara da shekaru. 'Yata ce ta tono shi.

Yarinyar nan sunan mahaifiyata gare ta, saboda haka Uwata nake ce mata. Shekararta 17, tana lise, baɗi za ta rubuta jarrabawar bakaloreya. Wani dare cikin zafin Afrilu, irin wanda ke hana kowa kwana a ɗaki a garin nan, na tarar da ita a tsakar gida da littafi a hannu tana share hawaye. Na ce, "Uwata, wa ya rasu?" Ta ce ba kowa, labari ne. Littafin Faransanci ne da ƙawarta ta ara mata, Les Impatientes, na Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa nan kusa da mu, wadda ta ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise a Faransa da shi a 2020. Ni ba na karanta Faransanci sai na rasit da takardar kwastan, don haka na ce ta ba ni labarin. Ta ce mata uku ne, ana yi wa 'yan mata auren da ba su so, in sun yi kuka a ce musu munyal, wato haƙuri da Fulatanci. Ta ce ita marubuciyar ma tana da shekara 17 aka aurar da ita.

Tana faɗa gabana yana faɗuwa. Abin da ba ta sani ba, mako biyu kafin nan wani aminina a kasuwa ya yi mini maganarta saboda ɗansa, ni kuwa na ce masa, "Ai duk ɗaya ne, Alhaji." A wurinmu 'yan kasuwa kun san wannan rabin alƙawari ne.

Maimakon in faɗa mata, sai na kama wata hanya. Na ce ai mu ma muna da namu marubutan tun ba a haife ta ba. Na ba ta labarin Hafsat Abdulwaheed da So Aljannar Duniya na 1980, da Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta zo ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, har aka fassara shi zuwa Turanci a Indiya a 2012. Na shiga ɗaki na tono ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan haya na miƙa mata. Ta buɗe, ta yi shiru, ta fara karantawa kamar mai taka ƙaya. Harafin c ta kira shi s ko k, u ta murɗe shi irin na Faransawa, ƙ da ɗ da ɓ kuwa ta ce ita ba ta taɓa ganinsu ba. Yarinyar da take Hausa da uwarta, Fulatanci da maƙwabta, Faransanci da malamanta, ta kasa kai ƙarshen shafi guda da harshen ubanta. Da na duba saƙonnin da take turo mini a waya sai na lura ashe tun da can "ch" take sa wa a wurin "sh", "ou" a wurin "u". Ni ne ban taɓa kulawa ba.

Ku da ke Yawunde da Duwala da Librebil da Abijan, ku gwada wannan da naku 'ya'yan yau da daddare. Ina jin da yawanku za ku tarar da abin da na tarar.

To, daga nan na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Na ce zan rubuta mata labarin da zai ja ta kamar yadda na Kano suka ja ni, kuma a Garwa zai faru. Saurayin yaron mota ne a cikin manyan motocin da ke ɗaukar auduga, budurwar 'yar mai sayar da hatsi ce, a kasuwar Lahadi ta Pitowa suka fara haɗuwa, kuma akwai wurin da babur ya mutu musu a kan gadar Binuwai da ita da ƙanenta, shi ya tsaya ya taimaka. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ke mutuwa, nake rubutu a kan dilar atamfa. Cikin wata guda na yi babi shida, ina ta jin kaina kamar Abubakar Imam.

Na zaunar da ita na karanta mata da bakina. Ta saurara har ƙarshe da ladabi. Na ce, "To, Uwata, yaya kika ji?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, in faɗi gaskiya?" Na ce faɗi. Ta ce, "Wannan ai ba budurwa ba ce. Goggo ce aka ɗaura wa ɗankwalin yara." Uwargida da ke tankaɗe a gefe ta tuntsire da dariya har garin ya zube.

Na ji zafi, amma gaskiya ta faɗa. Budurwar tawa ba ta buɗe baki sai da karin magana. Saurayin yana zuwa zance zaure da tocila, yana aiken yaro ya yi sallama da ita, alhali na yanzu saƙon murya yake turawa, kuma in ya ga an saurara ba a amsa ba, ranar ba zai ci abinci ba. Ni ban san wannan ma ciwo ne ba sai da ta faɗa mini. Kowane babi kuma na rufe shi da nasiha, kamar mai tsoron kada a ce dattijo ya saki layi. Ta ce duk inda nasihar ta fara, nan hankalinta yake tafiya. Sai ta ƙara wata tambaya, a hankali, ba ta kalle ni ba: "Baba, uban yarinyar nan mutumin kirki ne a labarin, to me ya sa har babi shida bai taɓa tambayarta abin da take so ba?"

Ban ba ta amsa ba. Na ce dare ya yi.

Wanda duk yake son ya rubuta wa matasa labarin soyayya, musamman irina da ya tsufa, ga abin da na koya da kuɗin kunyata. Alƙalami ba shi ne wahalar ba, kunne ne. Na koma ina sauraron 'yan matan da ke zuwa rumfata zaɓen ankon biki, yadda suke tsokanar juna, yadda jimla ɗaya take farawa da Hausa ta bi ta Fulatanci ta ƙare da Faransanci. Na saurari yaran shagona, waɗanda shekara da shekaru ban san suna da wata damuwa da ta wuce kuɗin abinci ba. Ashe ɗaya daga cikinsu shekara biyu yana tara kuɗin lefe, farashin kaya yana gudu yana bin sa a baya, kuma atamfar da yake aunawa kullum ita ce ta fi ƙarfinsa. Wannan ya shiga babi na huɗu, da izininsa.

Sai maganar iyaka, wadda na san ita ce ke zukatan iyaye masu karanta wannan fili. Tsoron ba sabo ba ne. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya, aka kuma matsa wa marubuta da tace rubutu. Ni a ganina an haɗa mai laifi da marar laifi, kuma wutar ba ta hana komai ba, sai ma labaran suka koma waya inda babu mai tacewa. Yau akwai rubuce-rubucen batsa zalla da ke yawo a WhatsApp da Wattpad da sunan littafin Hausa, kuma su ne suka fi saurin kawo kuɗi, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ma'aunina ni mai sauƙi ne: duk shafin da ba zan iya karanta wa Uwata a gaban mahaifiyarta ba, yagewa nake yi. Na kuma gane cewa kunya ba ta rage wa labari daɗi. Wurin da masu karatuna suka fi magana a kai shi ne inda yarinyar ta ga motar audugar ta wuce ba ta tsaya ba. Ko hannu ba a taɓa ba a wurin.

Na ce masu karatuna, domin yanzu ina da su. Bugawa a takarda na ajiye ta tukuna: kai aiki Kano, biyan maɗaba'a, dakon kwalaye ta kan iyaka, sannan ka zo ka tarar rabin waɗanda ka rubuta dominsu ba su iya karanta Hausar boko ba, wannan lissafin bai fita ba. Uwata ce ta buɗe mini zaure a WhatsApp. Duk Juma'a muna sakin babi guda, a rubuce da kuma a murya, don wanda bai iya karatu ba ya saurara yana bin baƙaƙen da ido. Babi uku na farko kyauta, sauran sefa 500 gaba ɗaya ta Orange Money ko MoMo. Kada kowa ya rufe rumfarsa saboda wannan. Abin da na samu zuwa yau bai kai ribar turmi goma ba, kuma tun a mako na biyu wani ya kwafe babin kuɗi ya watsa a wani zauren kyauta, har ya cire sunana. Na yi fushi kwana biyu, sannan na tuna yadda na yi shekaru ina ba da hayar littattafan mutane ko sisi ban aika musu ba. Allah ya yafe mana.

Masu 'ya'ya mata da ke da hannun rubutu, ku sani BBC Hausa tana gasar Hikayata ta gajerun labarai tun 2016, kuma ta mata ce. Ni ba ni da shiga, amma na sa wa Uwata ido, domin ita ke buga mini labarin a waya yanzu. Ta sa maballan Hausa, ta san inda ƙ take da inda ɗ take, har ta fara kama ni da kuskure. Makon jiya ta goge mini rabin shafi ta ce yarinyar ba za ta faɗi haka ba, ta rubuta nata. Nata ya fi.

Saura maganar aminina. Na yi kwana tara ina juya tambayar nan tata, sannan wata safiya bayan asuba na kira ta, na sa mahaifiyarta ta zauna, na faɗa mata abin da aka nema da abin da na amsa. Na ce, "Uwata, me kike so?" Ta daɗe ba ta yi magana ba. Da ta buɗe baki ta ce ita ba ta ƙi yaron ba, ba ta kuma so shi ba, don ba su taɓa wuce gaisuwa ba. Abin da take so shi ne ta gama bakaloreya, in ya so ya zo su yi magana kamar kowa, in sun daidaita shi ke nan.

Na je na sami Alhaji a rumfarsa na faɗa masa haka, na kuma ba shi haƙuri a kan saurin bakina. Ya ce ba komai, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Amma shayin la'asar da muka yi shekara ashirin muna sha tare, yau mako biyar ke nan bai zo ba, kuma na ji an ce yana cewa littafi ya shiga kaina. Ina aika masa da nasa kofin duk da haka, yaro yana dawowa da shi wani lokaci a shanye, wani lokaci a cike.

Babi na goma sha ɗaya zai fita Juma'ar nan in Allah ya kai mu. A cikinsa ne mai hatsi zai kira 'yarsa bayan asuba. Na rubuta tambayarsa, amsar kuwa na bar wa Uwata ta rubuta, kuma har yanzu ba ta nuna mini ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.