Gardamar Amfilifaya Biyu

Yau zan ba ku labarin yadda kunnena ya kusa sa ni asara, don na san a cikinku akwai masu sha'awar sauraron faifai a gida.

Ina da tsohuwar amfilifaya mai bawul, watau na'urar da ke ƙarfafa sauti kafin ya isa lasifika. Sunanta Dynaco ST-70, ƙirar Amurka, an fara fito da irinta a 1959, tana ba da wat 35 a kowane gefe, dama da hagu. Wani malamin makaranta, abokina, shi kuma yana da Leak Stereo 20 ta Ingila, ta 1958, wat 10 kurum a kowane gefe. Kullum muna gardama a kan wadda ta fi daɗin murya, har ran Lahadi ya ɗauko tasa ya kawo gidana.

Muka haɗa su da lasifika guda, faifai guda, muna sauyawa. To, abin mamaki, sai ƙaramar ta kayar da tawa. Ganga ta fi cika, muryar mawaƙi ta fito fili kamar yana zaune a tabarmarmu. Na yi shiru. A raina har na fara lissafin nawa zan sayar da tawa.

Da dare barci ya ƙi zuwa, sai na tuna da abu biyu. Na fari, rabon da in duba lafiyar tawa an daɗe. Bawul huɗu na EL34 da ke cikinta suna da ƙa'idar wutar da za su riƙa ja, kuma maƙerinta ya sa wurin awo a gaba, inda mita ya kamata ta nuna bolt 1.56 a kowane gefe bayan na'urar ta yi ɗumi. Da gari ya waye na auna, sai na tarar gefen hagu ya sauka ƙwarai. Na murɗa har ya koma daidai. Kwandansa biyu da suka tsufa kuwa, wajen mai gyara na kai, domin a cikin akwatin nan akwai wuta fiye da bolt 400, kuma takan saura ko bayan an kashe. Kada kowa ya sa hannu da ka.

Na biyun ya fi zama abin kunya. Leak tana kai iyakar ƙarfinta da ɗan sauti kaɗan, Dynaco kuwa sai an ba ta wajen ninki goma na wannan. Mu kuwa da kunne muka daidaita ƙararsu, alhali kunne, in an ba shi murya biyu, wadda ta ɗan fi ƙara ita yake cewa ta fi kyau.

Lahadi ta kewayo, Malam ya komo. Muka sa sauti guda mai tsayawa, muka auna a bakin wayar lasifika har mita ta nuna daidai wa daida. Na sa ƙanena ya riƙa sauyawa a bayan labule, yana kashe kowace kafin ya cire waya, gama mai bawul ba a barinta a kunne ba lasifika. Sau shida Malam ya zaɓa, sau uku ya nuna tawa yana rantsuwa tasa ce. Sai da muka ƙure ƙara sa'an nan bambanci ya bayyana, tasa ta fara shaƙewa, tawa tana nan da sauran numfashi.

Malam ya ce faifan ne bai dace ba, zai kawo nasa mako mai zuwa. Na ce Allah ya kai mu. Tawa dai na fasa sayarwa. Wassalam.

Naku, Akawu.