Wa zai biya mawaƙi? Rikicin kuɗin waƙa da ke rufe bakin radiyoyin intanet

A watan Agustan 2025 wata alƙaliyar kotun tarayya a birnin New York ta yi watsi da ƙarar da hukumar SoundExchange ta kai kamfanin radiyo na SiriusXM tun shekarar 2023, inda take neman sama da dalar Amurka miliyan 150 da ta ce kamfanin ya danne wa mawaƙa. Kotun ba ta shiga batun ko an biya ko ba a biya ba. Abin da ta ce kawai shi ne doka ta ba hukumar ikon karɓar kuɗi da rarraba su, amma ba ta ba ta ikon shigar da ƙara ba. Hukumar ta ɗaukaka ƙara.

Wannan shari'a reshe ɗaya ce ta wani rikici da ya haura shekara 20 ana yi a Amurka tsakanin masu waƙa da masu watsa ta ta intanet. Rikicin ya rufe tashoshi masu yawa, ya sa an toshe wa masu saurare na wasu ƙasashe hanya, kuma yana da nasaba da aljihun wasu mawaƙan Nijar da ake jin muryarsu a can.

Waƙa ɗaya, haƙƙi biyu

Kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Na farko na wanda ya tsara baitoci da karin waƙar ne. Na biyu na wanda ya rera ta ne, da makaɗan da suka raka shi, da kamfanin da ya ɗauki nauyin naɗar ta.

A Amurka gidajen radiyon AM da FM suna biyan haƙƙi na farko ta hannun ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI, amma ba sa biyan na biyu ko sisi. Hujjarsu tun fil azal ita ce sanya waƙa a radiyo talla ce ga mawaƙi. Da intanet ta kunno kai, kamfanonin faifai suka ji tsoron mutane za su daina sayen CD, sai suka matsa wa majalisar dokoki lamba. Dokar 1995 da dokar DMCA ta 1998 suka wajabta wa duk mai watsa waƙa ta intanet biyan haƙƙi na biyun.

Sakamakon haka, waƙar da aka sanya a FM ba ta kawo wa wanda ya rera ta komai, amma idan tashar nan ɗin ta watsa shirinta ta intanet a daidai wannan lokaci, sai ta biya. Daga nan saɓanin ya samo tushe.

Yadda lissafin yake

Kwamitin alƙalai uku da ake kira CRB shi ke tsayar da farashi duk bayan shekara biyar. SoundExchange, wadda ta zama hukuma mai zaman kanta a 2003, ita ke karɓar kuɗin ta raba: kashi 50 cikin 100 ga mai faifai, kashi 45 ga mawaƙin da sunansa ke kan waƙar, kashi 5 ga ƴan amshi da makaɗa. Abin da take rabawa a shekara ya kai kimanin dala biliyan ɗaya.

Ba a lissafa kuɗin da yawan waƙoƙin da tasha ta sanya kaɗai, sai an haɗa da yawan kunnuwan da suka ji. Waƙa ɗaya da mutum 50 suka saurara, sauraro 50 ke nan. A farashin 2021, tashar kasuwanci da ba ta karɓar kuɗi daga masu saurare tana biyan dala 2 da santi 10 a kan kowane sauraro 1000.

Kuɗin kamar ba su taka kara sun karya ba, sai an yi jimla. A ɗauki tashar da ke da masu saurare 200 dare da rana, tana sanya waƙa 12 a awa. A shekara za ta tara sauraro sama da miliyan 21, wato kimanin dala dubu 44. Idan aka ƙiyasta dala ɗaya a kan sefa 600, ya haura miliyan 26 na sefa, kuma ba a sa kuɗin marubuta waƙa da na intanet da na ma'aikata a ciki ba. Gidan FM da masu sauraronsa suka ninka ba abin da ke ƙaruwa a kansa, illa tallarsa ta ƙara daraja. Na intanet kuwa, kowane sabon mai saurare ƙarin bashi ne.

Ranakun shiru

An fara kai ruwa rana a 2002, lokacin da kwamitin sasantawa ya ba da shawarar dala 1 da santi 40 a kan sauraro 1000. Ranar 1 ga Mayu na shekarar tashoshi da dama suka kashe sautinsu don nuna adawa. Aka rage farashin zuwa santi 70, sannan majalisa ta yi wata doka da ta ba ƙananan tashoshi damar biyan wani kaso na abin da suke samu a maimakon lissafin kunnuwa.

A watan Maris na 2007 CRB ta sake tayar da ƙura. Ta tsayar da santi 80 na shekarar 2006, ta ce zai yi ta hawa har ya kai dala 1 da santi 90 a 2010, kuma za a biya har da na baya. Ranar 26 ga Yuni 2007 aka sake yin ranar shiru, wadda manyan tashoshi irin su Pandora suka shiga. Majalisa ta sake sa baki da dokokin 2008 da 2009, waɗanda suka buɗe ƙofar yarjejeniya ta musamman tsakanin tashoshi da SoundExchange.

Wannan rangwame ya ƙare ne a ƙarshen 2015, kuma hukuncin da CRB ta yanke a watan Disamban shekarar bai tanadi komai ga ƙananan tashoshin kasuwanci ba. Ranar 31 ga Janairu 2016 dandalin Live365, wanda ke ɗauke da dubban ƙananan radiyoyi, ya rufe. Ya dawo a 2017 a hannun wani mai shi. A 2021 kuma aka ninka mafi ƙarancin abin da kowace tasha za ta biya a shekara, daga dala 500 zuwa 1000. Tashoshin da ba na neman riba ba sun fi samun sauƙi, domin a tsarin 2021 wannan dala 1000 tana wadatar da su matuƙar masu sauraronsu ba su wuce kimanin 218 a lokaci guda ba idan aka yi matsakaicin wata.

Kowa da gaskiyarsa

Mai karanta wannan lissafi zai iya zaton mawaƙa sun yi kuɗi. Ba haka abin yake ba. Daga dala 2 da santi 10 ɗin nan, rabon mawaƙi bai cika dala ɗaya ba. Wato a ji waƙarsa sau 1000, abin da zai shigo masa bai kai jika ɗaya ta sefa ba. Shi ya sa da Pandora ta goyi bayan wani ƙudurin rage farashi a 2012, tana kukan cewa fiye da rabin kuɗin shigarta na tafiya wajen biyan haƙƙin waƙa, mawaƙa suka yi mata ca, ƙudurin kuma ya mutu a majalisa.

Ga mai tasha farashin ya yi tsada, ga mawaƙi ya yi araha, kuma dukansu ba ƙarya suke yi ba. Matsalar ita ce tallar da ake samu a kan mai saurare ɗaya ta intanet ba ta da yawa, kuma wanda ya fi kowa cin moriyar waƙa a radiyon Amurka, wato gidajen AM da FM, ba ya cikin masu biyan mawaƙin. An gabatar da ƙudurin da zai tilasta masu biya a 2021, aka kuma sake gabatar da shi daga baya, amma ƙungiyar masu gidajen radiyo ta NAB na da ƙarfi a majalisa.

Wanda ya ci riba a wannan tsari shi ne mai babban jari. A 2019 SiriusXM ta saye Pandora a kan dala biliyan 3 da rabi. Tashoshin da suka fi shan wuya su ne ƙanana, masu sanya kiɗan da manyan gidaje ba su damu da shi ba, ciki har da kiɗan Afirka.

Intanet ma tana da iyaka

Lasisin waƙa na ƙasa ɗaya ne, ita kuwa intanet ba ta san kan iyaka ba. Tun 2007 Pandora ta toshe masu saurare daga wajen Amurka saboda wannan dalili. A Birtaniya kamfanonin Sony da Warner sun kai dandalin TuneIn kotu, kuma a watan Nuwamban 2019 kotu ta ce haɗa masu sauraron Birtaniya da tashoshin waje da ba su da lasisin ƙasar keta haƙƙi ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da akasarin hukuncin a 2021. TuneIn ta rufe wa mazauna Birtaniya tashoshin waje masu ɗimbin yawa. Dandalin Radionomy na ƙasar Beljiyam, inda kowa ke iya buɗe radiyo kyauta, shi ma ya fuskanci ƙarar kamfanonin Sony a 2016, ya kuma daina wannan hidima a farkon 2020.

Ina ruwan Nijar?

Ruwanta biyu ne. Na farko ya shafi mawaƙa. Bombino, wanda aka sa sunansa a takarar Grammy ta 2019, da Mdou Moctar da Les Filles de Illighadad, ƴan yankin Tawa, da Tal National ta Yamai, duk ana jin su a tashoshin Amurka irin su KEXP ta birnin Seattle. Duk mawaƙin da aka watsa waƙarsa ta intanet a Amurka yana da rabo a SoundExchange ko daga wace ƙasa yake, kuma rajista kyauta ce. Sai dai kuɗin ba sa neman mai su. Wanda bai yi rajista ba, ko aka rubuta sunansa iri uku a faifai uku, rabonsa na iya zama a can bai sani ba.

Na biyu ya shafi gidajen radiyonmu. Da yawa daga cikinsu yanzu suna watsa shirinsu ta shafukansu ko ta Facebook da YouTube don ƴan ƙasa mazauna waje su ji labarin gida. Dokar ranar 23 ga Disamba 2010 ta kare haƙƙin marubuci da na mai rerawa da kuma kayan al'adun gargajiya, hukumar BNDA kuma ita ke da alhakin karɓar kuɗin. Amma abin da tasha ta biya a Yamai ko Maraɗi ba lalle ya kare ta ba idan mai saurarenta yana Landan. Waƙar waje guda ɗaya a tsakiyar shiri ta isa ta sa Facebook ko YouTube su kashe sautin shirin, tunda na'ura ce ke gano waƙar, ba mutum ba.

A ƙasar Hausa an saba makaɗi ya karɓi abinsa hannu da hannu a filin biki ko a fada. Daga baya waƙa ta koma yawo a katin waya, mai turawa a kasuwa ya samu, mai ita ya tashi a tutar babu. Waƙar Mdou Moctar ta haka ta zaga Sahara kafin kamfanin Sahel Sounds ya sa ta a wani faifai a 2011. Don haka maganar biyan mawaƙi saboda an ji muryarsa daga nesa har yanzu baƙuwa ce ga mutane da yawa, kuma idan ba a tsara ta da kyau ba takan zama faɗa. Maƙwabciyarmu Najeriya ta gani a ƙarshen 2013, lokacin da ƙungiyoyin gidajen radiyo da talabijin suka daina sanya waƙoƙin wasu fitattun mawaƙa saboda saɓani da ƙungiyar COSON a kan farashi.

Abin da tarihin Amurka ya nuna shi ne lissafin kunnuwa yana kashe ƙananan tashoshi, rashin biya kuma yana kashe mawaƙa. Lokacin da aka fi samun zaman lafiya a can shi ne lokacin da ƙananan tashoshi ke biyan kaso daga abin da suka samu. Ga ƙasar da ke da radiyoyin karkara masu dogaro da sanarwar biki da ta rasuwa, wannan hanya ta fi kusa da hankali. Sai dai ba za ta yi amfani ba sai tashoshi suna rubuta waƙoƙin da suka sanya, domin idan babu wannan rajista, ko an tara kuɗin ba wanda zai san rabon wane ne.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gara BNDA da masu gidajen radiyo da ƙungiyoyin mawaƙa su zauna su tsayar da farashin watsa waƙa ta intanet tun masu sauraren ba su yi yawa ba. Amurkawa sun bari sai da kuɗi suka shigo sannan suka fara ciniki, ga shi har yau suna gaban alƙali.