Daga ƙuri'ar 1976 zuwa kujerun majalisa: inda gwagwarmayar matan Arewa ta tsaya

Muhawarar da ake yi kan ƙudurin ware wa mata kujeru na musamman a majalisun dokoki ta sake tono wani tarihi da Zariya ta fi kowa saninsa. Ƙudurin na neman ƙara kujera ɗaya ta Majalisar Dattawa da ɗaya ta Majalisar Wakilai ga kowace jiha da Abuja, da kujeru uku a kowace majalisar jiha, waɗanda mata kaɗai za su yi takara a kansu.

Ɗaliban shari'a da ke harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello ba sa buƙatar yin nisa kafin su ga tushen wannan batu. A Sabon Garin da ke maƙwabtaka da su Hajiya Gambo Sawaba ta tashi. An haife ta a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU tun tana matashiya, ta jagoranci reshen mata, har ta je Abeokuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti. An ɗaure ta sau 16 saboda fafutukar da ta haɗa da neman a bai wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa ta ƙi amincewa da shi.

A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa kuwa suna gida. Matan Maraɗi da Damagaram sun samu wannan dama tun 1956 a ƙarƙashin mulkin Faransa, alhali yare ɗaya da addini ɗaya suka haɗa su da 'yan uwansu na Katsina da Daura. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, kundin tsarin mulki na 1979 ya tabbatar da ita. Wannan bambanci na shekara 20 ya nuna cewa siyasa ce ta jinkirta lamarin.

A yau mata ne ke cika layin rumfunan zaɓe a Tudun Wada da Gyallesu, amma a Majalisar Dattawa ta 10 kujeru huɗu kacal suka samu cikin 109. Har yanzu ba a taɓa zaɓar mace gwamna ba a Najeriya. Jihar Kaduna dai ta samu Dakta Hadiza Balarabe a matsayin mataimakiyar gwamna tun 2019.

Tarnaƙin yana wurin zaɓen fidda gwani. Manyan jam'iyyu kan rage wa mata kuɗin fom, sai dai tsadar takara tana wajen daliget, da tarukan dare, da yardar ubangida. 'Yar kasuwa ko ma'aikaciyar gwamnati da ta ajiye aiki don takara takan ƙare da jarinta kafin sunanta ya hau takardar ƙuri'a.

Masu adawa da ƙudurin suna da hujjar da ta cancanci a saurara: ƙarin kujeru 182 nauyi ne a kan baitulmali, kuma gwamnoni na iya cika su da matansu da 'ya'yansu. Magoya baya kuma suna nuni da cewa manufar kashi 35 cikin ɗari da gwamnati ta amince da ita tun 2006 ta zauna a takarda, domin babu dokar da ta tilasta ta.

Gyaran kundin tsarin mulki na buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, da amincewar majalisun jihohi 24. A watan Maris na 2022 'yan majalisa sun yi watsi da irin waɗannan ƙudurori. Jihohin Arewa 19 sun isa su hana shi wucewa, don haka a Kaduna da Kano da Sakkwato za a yanke hukunci. Ya dace kowane mai zaɓe ya nemi jin matsayin ɗan majalisarsa na jiha tun kafin ranar ƙuri'a.