Kira ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Kano: A Dawo da Insha'in Turanci Cikin Aji

Mai girma Kwamishina,

Ina miƙa wannan koke a madadin 'ya'yanmu da ke makarantun sakandare na gwamnati. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a shekarar 2024, iyaye da malamai suka sa rai da gyara. Ina roƙon gyaran ya kai ga abin da ke tare wa yaranmu ƙofar jami'a, wato rubutun insha'i da Turanci.

Ranka ya daɗe, ka san cewa ɗalibi ko ya cinye sauran darussa, ba zai samu gurbi a Jami'ar Bayero ko wata jami'a a ƙasar nan ba sai da kiredit a Turanci, a jarrabawa irin ta WAEC ko NECO. A JAMB ma Turanci ne kaɗai darasin da ya zama dole a kan kowa, kuma shi ke ɗauke da tambayoyi 60 cikin 180. A takardar WAEC ana so ɗalibi ya rubuta insha'i mai kalmomi kimanin 450: wasiƙa, ko jawabi, ko labari, ko muhawara. Masu maki suna duba abu huɗu: abin da ya faɗa, yadda ya tsara shi, daɗin zubin jimlolinsa, da tsabtar rubutunsa daga kuskuren nahawu, haruffa, aya da waƙafi. Ba ɗaya cikin huɗun nan da ake samu ta hanyar hadda.

Amma me ke faruwa a ajujuwanmu? Malami ya rubuta ƙa'idar nahawu a allo, yara su kwafa. Ya jero manyan kalmomi da ma'anoninsu, su haddace. Sai ka ga yaro yana iya karanto maka sunayen lokutan aikatau na Turanci kaf, amma ka ce ya rubuta wa shugaban makaranta wasiƙar neman izini, sai hannu ya tsaya. Kalmar da ba a taɓa sa ta cikin jimla ba, baƙuwa ce a baki, ranar jarrabawa kuma guduwa take yi. Ba a koyon iyo a tudu. Rubutu sai an rubuta, malami ya bi da jan biro, ɗalibi ya ga inda ya kauce, ya sake rubutawa.

Ban kawo ƙarar malamai ba. A yi lissafi. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a ajin babbar sakandare. In aka ɗora wa malami ajujuwa huɗu, kowanne da yara 80, littattafai 320 ke nan a gabansa. Ko minti biyar kacal ya ba kowane insha'i, sai ya shafe sama da awa 26 yana maki, ban da shiga aji da shirya darasi. Shi ya sa ake barin insha'i har sai jarrabawa ta ƙarato, a raba wa yara wasiƙun da aka riga aka rubuta su haddace. Daga nan ne wasu ke faɗawa satar amsa, domin wanda bai yarda da alƙalaminsa ba shi ke leƙen na wani.

Saboda haka nake roƙon abubuwa huɗu.

Na farko, ma'aikata ta wajabta insha'i ɗaya duk mako biyu tun daga aji ɗaya na babbar sakandare, a littafi na musamman. Masu duba makarantu su riƙa buɗe littafin da kansu, su ga jan biron malami, su ga gyaran da ɗalibi ya yi.

Na biyu, a duk lokacin da za a ɗauki sababbin malamai a fifita na Turanci, a kuma rage wa malamin Turanci yawan ajujuwa, tunda makinsa ya fi cin lokaci.

Na uku, a haɗa hannu da Jami'ar Bayero da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna a shirya bita lokacin hutu. A gayyato malaman da ke yi wa WAEC da NECO maki su nuna wa 'yan'uwansu yadda ake auna insha'i, da inda Bahaushe ya fi tuntuɓe: 'yan ƙananan kalmomin da ke gaban suna, daidaita aikatau da mai aikatawa, da ɗauko jimlar Hausa a sa mata rigar Turanci.

Na huɗu, a sa ƙamus da littattafan karatu a kowane aji, a ware darasi ɗaya a mako don karatu kawai. Kalmomi a cikin labari suke kama zuciya. Yarinyar da ta karanta The Stillborn na Zaynab Alkali, ko ta ji cewa Abubakar Adam Ibrahim ya ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016, za ta gane cewa 'yan Arewa ma suna sarrafa wannan harshe yadda suke so.

Wannan kira ba rage darajar Hausa ba ne. Kano ce cibiyar marubuta littattafan Hausa, kuma yaron da ya iya jera tunaninsa da harshen uwa ya yi rabin aiki. Abin da ya rage shi ne a ba shi takarda, da lokaci, da malamin da zai karanta abin da ya rubuta. 'Ya'yan masu hali suna samun wannan a makarantun kuɗi. Ɗan talaka kuwa ba shi da inda zai samu sai a makarantar gwamnati, kuma ikon yin hakan yana hannunka.

Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya ba ka ikon share hawayen iyaye.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin Turanci a birnin Kano