Wa Ke Tantance Mai Tantancewa?

Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai bari in fitar da ita.

Duk wanda ya taɓa bin layin gyaran suna ko ranar haihuwa ya san halin da ake ciki. Bayananmu a warwatse suke: lambar NIN tana wajen hukumar NIMC, BVN da Babban Banki ya ƙaddamar a 2014 tana wajen bankuna, katin zaɓe yana wajen INEC, ga kuma rajistar layin waya. Tun Disambar 2020 da gwamnati ta ce a haɗa layi da NIN, aikin haɗe bayanai ya shiga gidan kowa. Da an samu tangarɗa kuwa amsa ɗaya ce: "Kwamfuta ce ta yi kuskure, a kai wa jami'i ya duba." To shi jami'in da zai duba, wa ya taɓa auna ingancin dubawarsa?

Ba shaci-faɗi nake yi ba, abin ya faru da ni. Shekarun baya an saka ni a kwamitin haɗa jerin sunayen ma'aikata da jerin masu karɓar albashi a wurin aikinmu. Aikin hawa biyu ne. Da farko a gane wane gurbi a wannan jadawalin ne ya yi daidai da wane gurbi a wancan. Sannan a gane wane mutum a nan ne wane mutum a can.

A hawan farko muka yi tuntuɓe. Jadawali ɗaya yana da gurbin ranar fara aiki. Ɗayan yana da gurbi biyu, ranar fara aiki da ranar hawa muƙamin yanzu, kuma an gajarta kanunsu har sun yi kama da juna. Wanda ya fi mu daɗewa a aiki ya kalla sau ɗaya ya ce wannan ne. Duk muka gyaɗa kai, har da ni, muka sa hannu. Sai bayan makonni wani dattijon masinja ya shigo ya ce, "Ranka ya daɗe, na kusa shekara talatin ina aiki, amma takarda ta ce shekarata shida." Wallahi kunya ta kama ni. A aikin gwamnati shekara 35 da fara aiki ko shekara 60 da haihuwa ake yin ritaya, don haka wannan gurbin ne ke yanke ranar tafiyar mutum da lissafin haƙƙoƙinsa. Kuma kuskuren gurbi ba mutum ɗaya yake taɓawa ba, duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin girma ya shafa. Da baba bai yi magana ba, da haka za a tafi.

Hawa na biyu ma da nasa ciwon kan. Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mamman. Wani ya sa sunan mahaifi a wannan takarda, ya sa sunan garinsu a waccan. Da yawan waɗanda ba su san ranar haihuwarsu ba an rubuta musu 1 ga Janairu. Ka ga 03/04 a Excel, ba ka sani ba 3 ga Afrilu ake nufi ko 4 ga Maris. Idan ka haɗe mutum biyu suka zama ɗaya, wani zai rasa albashinsa. Idan ka raba mutum ɗaya ya zama biyu, ka buɗe ƙofar ma'aikacin bogi.

Kada a ce ina fifita na'ura a kan mutum. Ni na san Mamman Muhammadu ne, Binta Fatima ce, kwamfuta kuwa sai an koya mata. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum yana gajiya, idonsa na safe daban, na bayan azahar daban. Yana jin nauyin musa wa oga. Mafi haɗari kuma, ƙarfin muryar mutum ba ya nuna yana kan daidai. Ƙari a kan haka, da amsoshin mutane ake koyar da na'ura, da su ake gwada ta. Idan ma'aunin ya karkace, duk abin da aka auna da shi a karkace zai fito.

Ga abin da nake gani ya kamata:

Na ɗaya, a riƙa cusa wasu bayanai da an riga an san amsarsu cikin aikin kowane jami'i ba tare da ya gane su ba. Daga nan za a san nawa yake ci, nawa yake faɗuwa.

Na biyu, haɗa gurabu kada a bar wa mutum ɗaya, kada kuma a yi shi a taron gyaɗa kai. Mutum biyu su yi daban-daban, inda suka saɓa a kai wa na uku.

Na uku, a ba jami'i damar rubuta "na tabbata" ko "ina shakka". Daga baya a duba: inda ya ce ya tabbata, daidai yake?

Na huɗu, a daina yabon mutum da yawan fayil ɗin da ya gama a rana kawai.

Na san abokan aikina za su ce wannan tarko ne, kuma ɓata lokaci. Tsoronsu yana da tushe, shi ya sa sakamakon ya zama na horarwa da raba aiki bisa gwanintar kowa, ba na kora ba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Batun lokaci kuwa, a tambayi ɗan fansho da ya yi wata da watanni yana sintiri saboda harafi ɗaya.

Wanda irin wannan ta taɓa faruwa da shi, ya ba mu labari a ƙasa. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.